Muhammadu Korau, Sarkin Katsina: Zamaninsa da Asalinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina ya san sunan Korau tun bai san ko wane ne ba. Fadar Sarki Gidan Korau ake ce da ita, Sarki kuma Magajin Korau ake masa kirari. Hakimai irin su Kankiya mai riƙe da ƙasar Kankiya, da Bebeji mai riƙe da ƙasar Kusada, duk daga wannan gida rawaninsu ya fito. Amma fa in malamin makaranta a Kankiya ko Kusada ya tsaya gaban aji, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Korau ɗan wane ne, yaushe kuma ya yi sarauta?" sai a ga amsa ta kasu. Wani littafi ya ce 1348, wani ya ce 1445. Wani ya ce Bawangare ne, wani ya yi shiru.

Nufin wannan 'yar maƙala shi ne a jera shaidun da ke akwai, a auna kowace da ma'auninta, sa'an nan a duba abin da harshen Hausa da kansa ke faɗa game da sunayen da ke cikin labarin. Abin da za mu tarar shi ne, Katsina ba ta riƙe sunan uban Korau ba, gidansa da kayan sarautarsa ta riƙe, kuma wannan da kansa darasi ne game da yadda Katsinawa suka fahimci gadon mulki.

Labarin kamar yadda aka gada

Ga yadda labarin yake a bakin mutane. Kumayau ɗan Bawo, jikan Bayajida, shi ne ya fara sarautar Katsina. Bayansa aka yi waɗansu sarakuna, irin su Ramba da Batare-tare da Jarnanata, har aka zo kan Sanau. Waɗannan ake kira Durɓawa ko Durbawa, ana kuwa danganta su da Durɓi ta Kusheyi, wadda ke ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina.

A zamanin Sanau wani mutum ya zo daga 'Yandoto, tsohon garin malamai da fatake da ke kusa da Tsafe, cikin Jihar Zamfara ta yau. Sunansa Korau, gwanin kokawa ne, ya kuwa sauka wajen Sanau. Al'adar wannan zamani, in ji masu labari, ita ce sarki ya kan fito kokawa a gindin wata tsamiya da ake kira Bawada, wanda ya ka da shi ya hau gado. Ba wanda ya taɓa kai Sanau ƙasa, saboda wata laya da ya ke ɗaurawa. Korau ya bi ta hannun matar Sanau har aka raba shi da layar. Da aka kama kokawa ya ka da shi, ya yanka shi, ya zama sarki. Takobin da ya yi yankan da shi, an ce, shi ne Gajere, wanda ke cikin kayan sarautar Katsina. An ce kuma Korau ne sarkin Katsina na farko da ya karɓi Musulunci, ya yi shekara 50 bisa gado, a zamaninsa aka gina masallacin Gobarau.

Mai karatu ya lura da abu guda tun yanzu. Labarin ya ba Sanau kakanni har zuwa Bayajida, amma Korau garinsu kaɗai ya ba shi.

Inda labarin ya fito

Shaidun da ke hannu iri huɗu ne, ƙarfinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Na farko, jerin sunayen sarakuna da malaman Katsina suka rubuta da Larabci, kowane sarki da yawan shekarunsa. Barth, Bajamushen nan mai yawon bincike, ya sami labarin sarakunan farko sa'ad da ya zo Katsina cikin Janairu 1851, kafin ya bi ta Kusada ya isa Kano ran 2 ga Fabrairu. Daga baya H. R. Palmer ya tattara irin waɗannan takardu, ya fassara, aka buga a Ikko cikin 1928. Amma takardun an kwafe su ne ɗaruruwan shekaru bayan Korau, kuma ba su dace da juna ba. Waɗansu sun ba sarakunan farko fiye da shekara 100 kowannensu. A waɗansu ma sunan Korau ya fito sau biyu, ɗaya tsakiyar Durɓawa, ɗaya kuma Muhammadu Korau bayan Sanau.

Na biyu, labarin baka da kirari. Waɗannan sun fi riƙe hali da aukuwa bisa ga shekara.

Na uku, rubuce-rubucen waje, watau na malaman Masar da na Tambutu, da tarihin sarakunan Kano. Su ne ke ba mu turken da za a ɗaure lissafin shekaru.

Na huɗu, abin da aka tono daga ƙasa, da kayan sarauta da ke fada.

Zamaninsa: 1348 ko 1445?

Hanyar da aka fara bi wajen gano shekarun sarakunan Katsina ita ce a tsaya kan 1807, shekarar da masu jihadi suka ci birni, a yi ta ɗebe shekarun kowane sarki ana komawa baya. Aibin wannan hanya a fili ya ke. In mai kwafi ya ƙara wa sarki guda shekara goma, ko ya maimaita suna, duk waɗanda suka gabace shi sun gusa baya ke nan. Ta irin wannan lissafi aka sami 1348 zuwa 1398, wanda ya bazu cikin littattafan makaranta.

To, akwai shaida daga waje da ta ke gyara wannan. Jalaluddin as-Suyuɗi, babban malamin Alƙahira, ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan ƙasar Takruru, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. Ibrahim ɗin nan shi ne Ibrahim Sura, wanda jerin sarakuna ya sa daidai bayan Muhammadu Korau, mulkinsa kuwa 'yan shekaru ne kawai. An haifi Suyuɗi cikin 1445, ya rasu cikin 1505. Da Korau ya rasu cikin 1398, da Ibrahim Sura ya hau ya sauka tun ba a haifi mai wasiƙar ba, da fiye da shekara 40. Saboda haka tilas mulkin Ibrahim ya faɗo wajen ƙarshen ƙarni na 15. In aka ɗebe shekara 50 ta Korau daga nan, sai a sami wajen 1445 zuwa 1495. Wannan shi ne lissafin da Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi.

Waɗansu abubuwa biyu sun ƙarfafa shi. Shehu Magili, wanda Katsinawa ke haɗa sunansa da Gobarau, ya zo Kano da Katsina ne wajen 1492 ko 1493. Kuma tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka fara yaƙi tsakanin Kano da Katsina, aka shekara 11 ba wanda ya rinjayi wani. Ba a yin yaƙin shekara 11 sai da ƙasa mai sarki, da mayaƙa, da iyaka. Watau Korau da Rumfa tsara ne, kuma tun zamaninsu filin da ke tsakanin biranen nan biyu, inda Kankiya da Kusada su ke a yau, ya zama abin da sarakuna biyu ke sa wa ido.

Me sunansa ke faɗa?

Yanzu mu koma ga harshe. Sunan Korau Hausa ne tsantsa. Tushensa aikatau ne, kora, aka liƙa masa ɗafa-ƙeya -au. Wannan gini sananne ne cikin sunayen gargajiya: Nomau, wanda aka haifa lokacin noma, Shekarau, wanda ya daɗe a ciki, Barau, wanda aka bari bayan 'yan uwansa sun rasu, Tunau, wanda aka samu bayan an daɗe ba haihuwa. Har wa yau Hausawa su kan sa wa yaro Korau in an haife shi bayan an kori uwarsa daga gidan miji.

Abin lura shi ne, wannan ɗafa-ƙeya ba ta bambanta mai aikatawa da wanda aka aikata wa. Mantau mai mantuwa ne, shi ke yi. Barau kuwa shi aka bari. Saboda haka Korau na iya zama wanda ya kori wasu, yana kuma iya zama wanda aka kora. Masu labari sun fi son ma'ana ta farko, don ta dace da wanda ya kawar da Durɓawa. Amma nahawu bai ba su wannan hukunci su kaɗai ba, kuma kada malami ya koyar da shi kamar tabbataccen abu.

Abin da sunan ya tabbatar ya fi wannan muhimmanci. Kumayau da Sanau da Korau duk ƙarshensu ɗaya. Wanda ya yi kisan da wanda aka kashe, duk da irin sunayen ƙasa guda aka riƙe su. Abin da ya bambanta Korau shi ne Muhammadu da aka sa a gaba, kamar yadda aka sa shi gaban Rumfa a Kano da gaban Rabo a Zazzau. Suna biyu a haɗe, na yanka da na gargajiya, alama ce ta zamanin da sarauta ta shiga Musulunci ba ta bar tsohuwar rigarta ba.

Akwai kuma kalma guda cikin kirarinsa da ta cancanci a tsaya a kanta, watau mashiɗi ko mashidi. Kirarin ya siffanta shi da baƙon da ya yanka mai masaukinsa. Kalmar ta fito daga tsohon aikatau na Hausar yamma mai ma'anar sauka, wanda har yanzu ake ji a bakin masu cewa shido maimakon sauko. Tsufan kalmar ya nuna kirarin ba jiya aka ƙaga shi ba. Ma'anarsa kuwa ta nuna fada ba ta ɓoye baƙuncin Korau ba, ba ta kuma wanke shi daga cin amana ba. Maroƙan da ke ci daga hannun magadansa su suka riƙe wannan magana. Shaidar da ba ta yi wa mai ita daɗi ba, aka kuwa riƙe ta, ta fi ƙarfi bisa wadda ke yabo.

Bawangare ne?

Palmer da waɗanda suka bi shi sun kira zuriyar Korau Wangarawa. Hujjarsu ita ce 'Yandoto gari ne da ke kan hanyar fatake da malamai masu zuwa daga yamma, kuma tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Ba shakka Wangarawa sun zauna ƙasar Hausa, sun kuwa yi tasiri ƙwarai. Amma zama gari ɗaya da mutane bai mai da mutum ɗansu ba.

A nan ma harshe ya kan yaudari mai gaggawa. Ɗafa-ƙeyar -awa ba jini kaɗai ta ke nufi ba. Kanawa da Katsinawa mutanen wuri ne. Ƙadirawa mabiya ɗarika ne. Garuruwan da ke maƙwabtaka da Kankiya, irin su Musawa da Ingawa da Bindawa, sunayensu da wannan ɗafa-ƙeya aka gina su, ga shi kuwa yau sunan wuri ne, kowa na zaune ciki. Dallazawa, gidan da ya yi sarautar Katsina bayan jihadi, sunansu daga garin Dallaje ya fito, wanda ke ƙasar Bindawa. Z ce ta koma j gaban wasalin e, kamar yadda ta ke komawa gaban i a kaza da kaji. Haka nan Wangarawa a bakin Bahaushe ya haɗa asali da sana'a: mutanen yamma masu fatauci da karatu. Ko da an tarar da kalmar jikin sunan Korau a wata takarda, sai an tambaya wace ma'ana mai rubutun ya nufa.

Sa'an nan a tuna da halin zamanin da Palmer ya yi aiki. Turawan mulki da yawa sun ɗauka cewa duk inda aka ga daula a ƙasar baƙar fata, wani baƙo mai hasken fata ne ya kafa ta. Da wannan tabarau suka karanta labarin Bayajida, da shi suka karanta na Korau. Abdullahi Smith, cikin maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, ya nuna birane sun taso ne daga cikin ƙasa, inda noma da ƙira da kasuwa da wurin tsaro suka haɗu. Yusufu Bala Usman kuma, cikin littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya cikin 1981, ya ɗauki hawan Korau a matsayin sauyin tsarin mulki: iko ya tashi daga hannun shugabannin dangi da masu kula da wuraren tsafi, ya koma hannun sarki mai zaune a birni, wanda fatake da malamai da mayaƙa na kowane asali ke taruwa ƙarƙashinsa. Bisa wannan fahimta, baƙuncin Korau ba na launin fata ba ne. Baƙo ne ga dangin da ke riƙe da gado.

Abin da ƙasa ta ɓoye

Kusheyi jam'in kushewa ne, watau kabari. A Durɓi ta Kusheyi akwai tuddai da mutanen wurin suka daɗe suna cewa kaburburan sarakunan farko ne. Palmer ya tona waɗansu cikin 1907. Cikin 1992 masu binciken kayan tarihi na Nijeriya da na Jamus suka tona uku, aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara, aka buga sakamakon cikin 2011. An sami 'yan kunne na zinariya, da wuri, da duwatsun wuya, da awarwaro na hauren giwa, da kwanon tagulla ƙirar ƙasashen Musulmi na gabas. Awon da aka yi ya sa kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Ba wani kabari da ya fito da suna a rubuce, saboda haka ba a ce ga Kumayau ko ga Sanau ba. Amma kayan sun nuna abu biyu. Ɗaya, labarin baka bai yi ƙarya ba da ya ce akwai masu mulki a Durɓi. Biyu, dukiya da cinikin nesa sun riga Korau isowa ƙasar Katsina. Bai zo ya tarar da jeji ba. Ƙasa ya tarar mai arziki, wadda ta isa a yi kokawa a kanta.

Kwatanci daga Turai

Wannan matsala ba ta Katsina kaɗai ba ce. A ƙasar Firisiya, bakin tekun Holan ta yau, an yi wani basarake mai suna Gerolf a ƙarshen ƙarni na 9. Ana danganta shi da makircin da aka kashe ubangidansa Godfrid da shi cikin 885, kuma akwai takardar 889 wadda Sarki Arnulf ya ba shi filaye. Daga gare shi sarakunan Holan na farko suka fito. Amma asalinsa sai hasashe, har waɗansu marubuta na baya suka nemi su kai shi ga Radbod, sarkin Firisiya da ya rasu cikin 719. Halin masu rubuta asali ke nan ko'ina: in gida ya ƙasaita, sai a nemo wa mai kafa shi kaka mai girma. A ƙasar Hausa ma asalin Bawo bai zauna wuri guda ba, don Muhammadu Bello, cikin Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo ruwayar da ta ce bawan Sarkin Barno ne, alhali kuwa Daura ta ce ɗan Bayajida ne. Abin mamaki game da Katsina shi ne ba ta yi wa Korau irin wannan ɗinki ba. Hanya a buɗe ta ke a liƙa shi ga Bawo, ba a kuwa liƙa ba.

Ma'anar Magaji

Zuriyar Korau ta riƙe birni har 1807, sa'ad da Ummarun Dallaje da 'yan uwansa masu tuta suka ci Katsina. Waɗanda suka tsira suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, inda sarautar ta ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Dallazawa suka riƙe birni har 1906, sa'ad da Turawa suka tuɓe Yero suka naɗa Muhammadu Dikko, Basulluɓe. Bayansa Usman Nagogo ya hau cikin 1944, Muhammadu Kabir Usman cikin 1981, Abdulmumini Kabir Usman cikin 2008.

Gida uku ke nan, ba mai haɗa jini da wani ta wajen sarauta, amma duk a Gidan Korau suka zauna, Gajere kuma yana nan cikin kayan naɗi. Ko sarautar Durɓi, wadda ke ɗauke da sunan mutanen da Korau ya kawar, ba ta mutu ba. Ta zama ta hakimin Mani, tana cikin masu zaɓen sarki, Dikko da kansa kuwa Durɓi ne kafin ya hau.

Kalmar magaji ta fito daga gada, da ɗafa-goshi ma- na mai aikatawa. Ana gadon uba, amma ana gadon gida, da gona, da sana'a, da kujera. Magajin Gari ba ɗan gari ya ke nufi ba, mai riƙe da shi ya ke nufi. Haka Magajin Korau: wanda ya gaji gidan da takobin. Korau da kansa ta haka ya shiga, ba ta jini ba, saboda haka kirarin ya zauna daidai kan duk wanda ya biyo shi ta kowace ƙofa.

Kammalawa

Ga malamai masu koyar da waɗanda za su koyar, shawara uku ce. A gyara shekarar, a ce wajen 1445 zuwa 1495, a kuma nuna wa ɗalibai wasiƙar Suyuɗi da ta sa aka gyara, don su ga yadda ake auna shaida. A faɗi labarin kokawar Bawada da sunansa na labarin baka, kada a rage masa daɗi, kada kuma a ba shi matsayin takarda. Zancen Wangarawa kuwa a faɗe shi da sunan wanda ya kawo shi, da dalilinsa, da abin da aka ce a kansa daga baya.

In yaron nan na Kankiya ko Kusada ya sake tambaya ɗan wane ne Korau, amsar gaskiya ita ce: mutumin 'Yandoto ne, baƙon Sanau, tsaran Rumfa, mai suna irin na Hausawa. Katsina ta riƙe gidansa fiye da shekara 500, ba ta tambaye shi sunan ubansa ba.